Yadda Ake Tsare Kogi Daga Dagwalon Kashin Dabbobi, da Yadda Ake Kama Mai Laifi da Hujja

Dagwalon da ake nufi a nan shi ne kashi da fitsarin dabbobin da ake tsarewa wuri ɗaya, shanun madara ne ko aladu ko kaji, idan ya cakuɗu da ruwan wanke daɓe da ruwan sama ya zama tsululu, ba ya kwasuwa da shebur sai da famfo da tanki. Idan ya sauka a gona a kan kari, taki ne mai daraja. Idan kuwa ya gangara rafi, dare ɗaya ya ishe shi ya kashe kifin da ke cikin kilomita da dama.

Galibin ɓarnar nan ba ranar da kifi ya taso take farawa ba. Tana farawa ne watanni kafin nan, ranar da aka ƙara yawan dabbobi ba a ƙara girman ma'ajiya ba. Saboda haka za mu fi daɗewa a wuri biyu: lissafin ma'ajiya ga mai gona, da tattara hujja ga jami'in da ke tsare doka.

Abin da yake yi wa ruwa

Da zarar dagwalo ya shiga ruwa, ƙwayoyin bakteriya ke far masa da ci, kuma suna cinsa ne da iskar oksijin ɗin da kifi ke shaƙa. Ana auna ƙarfin wannan da ma'aunin BOD, wato yawan oksijin da bakteriya ke cinyewa a cikin lita ɗaya a kwana 5, a zafin digiri 20 na Salshiyas. Ɗanyen ruwan bayan gida na gari yakan kai miligiram 300 zuwa 400 a lita. Dagwalon shanu 10,000 zuwa 20,000 ne. Na aladu 20,000 zuwa 30,000. Ruwan da ke tsatsowa daga ramin silej, wato ɗanyar ciyawar da ake dannewa ta tsimu don abincin shanu, yakan kai 80,000. Madara ta fi su duka, wajen 140,000, shi ya sa zubar da lalatacciyar madara a lambatu ba ƙaramin laifi ba ne.

Ruwa kuwa ba ya riƙe oksijin da yawa. A zafin digiri 20 wajen miligiram 9 ne a lita, a digiri 30 ya sauko wajen 7.5. Ɗauki lita 1,000 na dagwalo mai BOD 15,000: kilo 15 na oksijin yake buƙata. Idan ruwan kogin yana da miligiram 8 a lita, wannan lita 1,000 ɗin kaɗai za ta iya tsotse iskar ruwa kusan lita miliyan 1.9. Yawancin kifi sukan fara galabaita idan oksijin ya sauka ƙasa da miligiram 5, idan ya kai 2 kuma sai mutuwa. Lokacin zafi, da kogi ya janye, abin ya fi muni, don ruwan da zai tsarma dagwalon ba shi da yawa, iskar da ke cikinsa ma ta ragu.

Sai amoniya, wadda ke ƙona sassan da kifi ke numfashi da su kai tsaye, kuma dafinta na ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi ko ma'aunin pH ya hau, wato tsamin ruwan ya ragu. Naitirojin da fosforas su kuma a hankali suke nasu aikin: su ciyar da gansakuka ta rufe ruwa, ta mutu ta ruɓe, ta sake cinye iska. Tafkin Lough Neagh na Ireland ta Arewa ya koma kore shar a 2023, kuma fosforas daga gonaki na cikin manyan dalilan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret, wani sinadari mai ɗauke da naitirojin, a ruwan sha miligiram 50 a lita saboda haɗarinsa ga jarirai. Ga kuma ƙwayoyin cuta. A garin Walkerton na Kanada, a watan Mayu na 2000, ruwan sama mai ƙarfi ya kai ƙwayar E. coli daga kashin shanu cikin wata rijiyar gari marar zurfi, aka yi sakaci da sa sinadarin kulorin, mutum 7 suka rasu, fiye da 2,300 suka kwanta.

Mataki na farko: lissafa abin da gonarka ke fitarwa

Kada ka kimanta da ido. Ɗauki biro.

Saniyar madara mai bayarwa sosai tana fitar da kashi da fitsari wajen lita 55 a rana. Wanke wurin tatsa yakan ci wajen lita 20 a kan kowace saniya, ya fi haka idan da tiyo mai ƙarfi ake wanki. Shanu 100 ke nan suna ba ka lita 7,500 kullum. Ninka da yawan kwanakin da ba za ka iya watsawa a gona ba, saboda ƙasa ta jiƙe ko doka ta hana. Idan kwana 150 ne, lita 1,125,000 ke nan, wato kubik mita 1,125.

Yanzu sai ruwan sama, kuma a nan mutane suka fi faɗuwa. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. A ce a cikin waɗannan watanni ruwa ya kai milimita 500. Daɓen da shanu ke tsayawa a sarari, mai murabba'in mita 600, zai ƙara maka kubik mita 300. Bakin ma'ajiyar da ba ta da murfi, mai murabba'in mita 400, zai ƙara 200. Jimla 1,625. Wannan shi ne mafi ƙarancin girman da kake buƙata, kafin ka ƙara sararin da ake bari a sama. Kuma ka yi lissafin da shekarar da ruwa ya yi yawa, kada ka ɗauki matsakaiciya.

A Ingila doka ta ce ma'ajiya ta ɗauki aƙalla na wata 4. A yankunan da aka ware saboda yawan naitiret, wata 5 ne ga shanu, wata 6 ga aladu da kaji. Kowace ƙasa da nata adadin, amma mu a ganinmu wanda ya tsaya daidai kan mafi ƙarancin doka ya bar kansa ba shi da mafita ranar da damina ta zarce.

Mataki na biyu: raba ruwa mai tsabta da mai datti

Wannan ya fi kowane gyara araha. Rufin kwano mai murabba'in mita 1,000 da indararonsa ya karye yana zuba a daɓen shanu zai tura kubik mita 500 cikin ma'ajiya a wancan lissafin namu. Daidai yake da abin da shanu 100 ke fitarwa a fiye da wata 2. Ruwan da ya sauko tsaf, kai ka mayar da shi dagwalo, sannan ka sayi mai ka kwashe shi.

Ka fita lokacin da ake tsaka da ruwa, ka bi da ƙafa ka ga inda kowane ruwa ke nufa. Gyara indararo, ka kai ruwan rufi ta bututu rufaffe zuwa waje ko tankin ajiya. Yi ɗan tudun kankare a gefen daɓe don ruwan da ke gangarowa daga sama ya kauce. Rage faɗin wurin da shanu ke takawa a sarari, idan da hali ka yi masa rumfa. Sannan ka zana taswirar duk magudanan gonar, ka shafa wa murafunsu fenti kala biyu, ɗaya na ruwa mai tsabta, ɗaya na mai datti, yadda ko sabon ma'aikaci ba zai wanke bokitin madara a bakin rariyar da ke zuwa rafi ba.

Mataki na uku: ma'ajiyar kanta

Kada a gina ta kusa da ruwa. Dokar Ingila ta ce aƙalla mita 10 daga kowane rafi ko magudanar gona, kuma a sanar da hukumar muhalli kwana 14 kafin a fara gini. Ka guji fadama da duk wurin da ambaliya ke kaiwa.

Idan tankin ƙarfe ne ko na kankare, a bar sararin santimita 30 daga saman dagwalo zuwa baki. Idan kududdufi ne mai bangon ƙasa, santimita 75, domin iska na kaɗa shi ya riƙa cin bangon. Kafa sanda mai alama a ciki yadda kowa zai ga iyakar daga nesa. Kududdufin ƙasa yana buƙatar yumɓu da aka danne da kyau, kaurin mita 1, ko shimfiɗar roba mai kauri. Ƙasa mai yashi ko tsakuwa ba ta riƙe shi, sai ya riƙa tsiyaya ta ƙarƙashi shekara da shekaru ba wanda ya gani, har rijiyoyin maƙwabta su nuna.

Bututun da ke fitar da dagwalo daga tanki ya kasance da bawul biyu a jere, tazarar aƙalla mita 1, a kulle su da kwaɗo idan ba a aiki. Dalili: tsinke ko dutse kan maƙale a bakin bawul ɗaya ya hana shi rufewa, tankin ya tsiyaye cikin dare.

Duk mako ka zagaya bayan bango. Abin da kake nema: danshi ko ciyawar da ta fi sauran kore a gindin bango, tsagewa, ramukan ɓeraye da gafiya, saiwar bishiya, tsatsa a mahaɗar farantan ƙarfe. Kada ka bar bishiya ta girma a kan bangon ƙasa. A watan Yuni na 1995 bangon kududdufin wata gonar aladu ya ɓalle a jihar North Carolina ta Amurka, wajen lita miliyan 95 suka kwarara cikin kogin New River, miliyoyin kifaye suka mutu.

Wani abu da ya shafi rai: idan aka motsa dagwalon da ya daɗe a kwance, yana sakin iskar haidirojin salfaid. Tana warin ruɓaɓɓen ƙwai idan kaɗan ce, idan ta yi yawa sai ta kashe jin wari, mutum ya faɗi cikin numfashi kaɗan. A fitar da dabbobi, a buɗe ƙofofi, a zaɓi ranar da ake iska, kowa ya nisanci ginin aƙalla minti 30 bayan an kunna injin motsawa. Idan wani ya faɗi a ciki, kada a bi shi ba tare da na'urar numfashi ba. Sau da yawa mai ceton ne gawa ta biyu.

Mataki na huɗu: watsawa a gona

Fara da tambayar ko kana da ƙasar da za ta ɗauka. Dokar naitiret ta Tarayyar Turai, ta 1991, ta sa iyakar kilo 170 na naitirojin daga kashin dabbobi a kan kowace hekta a shekara. Saniyar madara na fitar da wajen kilo 100 a shekara, don haka shanu 100 na buƙatar kusan hekta 60. Idan ba ka da su, ko ka rage dabbobi, ko ka ƙulla yarjejeniya a rubuce da manomin da zai karɓa. Ka gwada ƙasarka duk bayan shekara 3 zuwa 5. Gonar da ke kusa da garke ita ce kullum ake jibga wa, fosforas ya taru a cikinta fiye da abin da shuka ke ci, ragowar ya bi zaizaya zuwa kogi.

Dagwalon shanu mai matsakaicin kauri yana ɗauke da wajen kilo 2.6 na naitirojin a kowace kubik mita. Kubik mita 30 a hekta ya ba ka kilo 78, kuma kaurinsa a ƙasa milimita 3 ne kacal. Kada ka wuce kubik mita 50 a hekta a zubi ɗaya, ka bar mako 3 kafin ka maimaita. Ga yadda za ka san injinka na zuba daidai: tankin lita 10,000 mai watsa faɗin mita 6, idan kubik mita 30 kake so, ya kamata ya yi tafiyar wajen mita 555 kafin ya ƙare. Idan ya ƙare a mita 300, ka kusa ninka adadin, sai ka ƙara gudu ko ka rage buɗin bawul.

Ba a watsawa idan ƙasa ta ƙoshi da ruwa, ko ambaliya ta kwanta, ko ƙanƙara ta daskarar da ita, ko ana hasashen ruwa mai ƙarfi cikin awa 48. Gwaji mai sauƙi: ka taka da takalmi, idan ruwa ya taso a sawun, ka koma gida. A bar mita 10 daga bakin rafi, mita 50 daga rijiya, burtsatse ko idon ruwa. A gangare mai tsanani, wanda ya wuce digiri 12, gara a haƙura.

Akwai tarkon da ba a cika lura da shi ba. Ƙasar yumɓu da ta bushe ta tsattsage takan zuƙe dagwalo ta cikin tsagar kai tsaye zuwa bututun da aka binne don janye ruwan gona. Sama a bushe, ƙasa kuwa yana fita rafi. Don haka duk ranar watsawa a tura mutum ya duba bakin waɗannan bututu, lokacin aiki da bayansa.

Injin da ke fesawa sama ya fi kowanne asarar amoniya da jawo ƙorafin wari. Mai jan tiyo a ƙasa yakan rage asarar da wajen kashi 30 cikin 100, mai tsaga ƙasa ya cusa shi ciki kuma wajen kashi 70. A gonar da ba shuka, a juya shi cikin ƙasa kafin awa 24. Idan da dogon tiyo ake turo shi daga ma'ajiya, kada mahaɗar tiyo ta kasance a kan rafi, kuma mai kula da famfo ya kasance yana iya magana da mai tarakta a kowane lokaci. Rubuta rana, gona, adadi da yanayin sama a littafi. Ranar da jami'i ya zo, wannan littafin ne shaidarka.

Idan ya ɓalle

Ba a fafe gora ranar tafiya. Buhunan yashi, dammunan ciyawa, lambar mai tankin zuƙa da lambar hukuma su kasance a shirye, a manne a bango inda kowa ke gani.

Tsayar da tushen tukuna: kashe famfo, rufe bawul. Toshe lambatu ko ramin da yake bi, da ƙasa ko buhunan yashi, a wuri biyu ko uku a jere. Zuƙe abin da ya taru ka mayar ma'ajiya, ko ka kai busasshiyar gona shimfiɗaɗɗiya nesa da ruwa. Kada ka sa tiyo ka wanke, tura shi kogi kake yi. Kuma ka kira hukuma da kanka nan take. Su ne za su sanar da matatar ruwan sha da masu kiwon kifi na gaba su rufe mashigarsu, su kawo injin hura iska a ruwa. Wanda ya kai rahoton kansa yakan sami sassauci, wanda ya ɓoye aka gano shi kuma ɓoyewar kan zama laifi na biyu a idon alƙali.

Idan kai ne ka ga kogin ya sauya

Alamun su ne ruwa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ko kore mai duhu, kumfar da ba ta bajewa, warin garke, kifi na tasowa sama suna haki ko sun taru a bakin wani ƙaramin rafi mai tsabta. Idan ka ga wani abu toka-toka mai santsi ya lulluɓe duwatsun ƙasan ruwa kamar jiƙaƙƙiyar auduga, wannan tarin bakteriya ne, kuma yana nuna an daɗe ana zubawa.

Kira hukumar muhalli a lokacin, kada ka bari sai gobe. Ruwan da ke tafiyar rabin mita a daƙiƙa yana cin kilomita 1.8 a awa. Bayan awa 6 hujjar ta yi nisan kusan kilomita 11. Faɗi ainihin wurin, lokaci, launi, wari da kimanin yawan kifin. Karɓi lambar rahoto. Ɗauki hoto da bidiyo da wayar da ke nuna lokaci da wuri, ka haɗa da wata alama tsayayya kamar gada. Kada ka shiga gonar mutum, kada ka yi cacar baki da kowa, kada ka taɓa ruwan da hannu, kada a ci kifin. Ka kuma guji kiran sunan wani a Facebook kafin bincike, don bututun da ka gani a gaban gonar wani yana iya ɗauko ruwa daga wata gonar can sama.

Aikin jami'i: hujjar da za ta tsaya a kotu

Shari'o'in gurɓata ruwa sun fi lalacewa a awannin farko, a bakin kogi, tun ba a je gaban alƙali ba. Abu uku ake son tabbatarwa: abu mai gurɓatawa ya shiga ruwa, daga wannan wuri ya fito, kuma wane ne ke da iko da wurin.

1. Fara daga ƙasa, inda ɓarnar ta bayyana, ka yi sama, wato ka nufi inda ruwan kogin ke fitowa. A kowace mahaɗar ruwa auna oksijin, amoniya, pH da zafi a rassan biyu, ka bi wanda ya fi muni. Oksijin a wurin ake auna shi, don yana canzawa a cikin kwalba.

2. Ɗauki samfur aƙalla uku: daga bakin abin da ke zubowa, daga sama da shi inda ruwa ke da tsabta, da kuma ƙasa da shi inda suka gauraya. Na saman nan shi ne wanda ake yawan mantawa, kuma in babu shi lauya zai ce kogin dama a gurɓace ya iso. Idan abin na iya tsayawa kowane lokaci, fara da na bakin bututu. Ka tsaya ta bayan kwalba, bakinta na fuskantar inda ruwa ke zuwa, don kada lakar da ƙafarka ta tayar ta shiga.

3. Cika kwalbar BOD har baki, a sa a akwatin sanyi mai wajen digiri 4, cikin duhu, ta isa ɗakin gwaje-gwaje cikin awa 24. Samfurin ƙwayoyin cuta kwalba ta musamman yake so wadda aka kashe ƙwayoyin cikinta, kuma a kai shi cikin 'yan awanni. Kowace kwalba a rubuta mata lamba, wuri, rana, lokaci da sunan mai ɗauka, a liƙe bakinta da hatimi. Duk wanda ta bi ta hannunsa ya sa hannu da lokaci a takarda ɗaya. Giɓin awa biyu da ba a san inda kwalba take ba ya isa a yi watsi da sakamakon.

4. Haɗa bututun da gonar. Bi ramin da ƙafa kana ɗaukar hoto a jere ba tsallake. Inda ya shige ƙarƙashin ƙasa, zuba rinin gwaji mai koren haske, fuloresin, a rariyar da kake zargi, wani jami'in ya tsaya a bakin rafi ya rubuta lokacin da launin ya fito. Ɗauki samfur daga ma'ajiyar kanta. Auna sararin da ya rage a samanta, ka ɗauki hoton busasshen sawun da ya nuna inda ta taɓa tumbatsa.

5. Auna girman ɓarnar. Ƙirga matattun kifi a tsayin da aka auna, misali mita 100 a wurare da dama, a rarrabe iri da girma. Idan ka iso bayan ruwan ya wuce, ƙananan halittun ƙasan kogi za su ba da labari: a kafa raga, a tayar da tsakuwa da ƙafa na minti 3, sama da ƙasa da wurin. Idan sama na cike da 'ya'yan ƙwarin da ba sa rayuwa sai a ruwa mai tsabta, ƙasa kuwa sai jajayen tsutsotsin laka, ka sami hujjar da ba ta gudu da ruwa.

6. Kafin ka yi wa wanda ake zargi tambayoyi, gaya masa haƙƙinsa yadda dokar ƙasar ta tanada, ka rubuta ko ka naɗi amsarsa. Nemi littafin watsawa, yawan dabbobi, da takardar ɗan kwangila idan shi ya yi aikin. Ka tabbatar wane ne ke gudanar da gonar a hukumance, mutum ne ko kamfani, mai ƙasa ne ko ɗan haya. Ƙarar da aka shigar da sunan da ba daidai ba ta mutu tun a ƙofa.

Wane hukunci, ga wa

A ƙasashe da dama ba sai an nuna mutum ya yi da gangan ba. A Birtaniya, tun hukuncin shari'ar wani kamfani mai suna Alphacell a 1972, ya isa a nuna cewa aikinka ne ya jawo abin ya shiga kogi. Niyya da sakaci suna shigowa ne wajen auna nauyin hukunci. Ƙa'idar yanke hukunci ta Ingila, ta 2014, ta kasa laifin gida huɗu: ganganci, rashin damuwa da abin da zai biyo baya, sakaci, da wanda laifinsa kaɗan ne ko babu. Sai a haɗa da girman ɓarnar. Tarar ba ta da iyaka, kuma babbar kotu na iya ɗaure mutum har shekara 5.

Ba kowane laifi ke zuwa kotu ba, kuma bai kamata ba. Ƙaramin kuskure na farko, shawara a rubuce da ranar dawowa. Idan akwai haɗari a fili, takardar umarni mai faɗin aikin da za a yi da wa'adinsa: gyara indararo cikin kwana kaza, kammala sabuwar ma'ajiya kafin wata kaza. Umarnin da ya ce kawai "a inganta ajiya" ba a iya hukunta kowa da saɓa masa. Akwai kuma tsarin da mai laifi ke amsa laifinsa, ya gyara, ya biya kuɗin farfaɗo da kogin a maimakon shari'a. Wanda ya buɗe bawul da dare, ko ya shimfiɗa bututun ɓoye, ko aka gargaɗe shi ya maimaita, wannan kotu ce kai tsaye.

Wajen tara, mai gabatar da ƙara ya kawo wa alƙali lissafin kuɗin da mai laifin ya tsira da su ta hanyar ƙin gina ma'ajiya. Idan tarar ba ta kai wannan ba, an cuci maƙwabcinsa da ya ci bashi ya gina tasa, an kuma koya wa sauran cewa biyan tara ya fi araha. A ƙara da kuɗin bincike, na hura iska da na mayar da kifi, bisa ƙa'idar nan ta cewa mai gurɓatawa shi ke biya, wadda ke cikin sanarwar taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a birnin Rio a 1992. Inda ake ba manoma tallafi, a zaftare shi. Inda hukuma ta yi sanyi, wasu dokokin sun ba jama'a dama: dokar tsabtar ruwa ta Amurka, ta 1972, ta yarda ɗan ƙasa ya shigar da ƙara da kansa bayan sanarwar kwana 60, a Birtaniya kuma ƙungiyoyin masu kamun kifi sun daɗe suna neman diyya a kotu.

Sai dai hukumar da ke jiran kifi ya mutu kafin ta motsa ba za ta ga ko rabin abin da ke faruwa ba. Tsakanin 2016 da 2019 jami'an Hukumar Muhalli ta Ingila sun bi gonakin shanun madara 86 a yankin kogin Axe, suka tarar kashi 95 cikin 100 ba su cika ƙa'idar ajiya ba, kashi 49 kuma suna gurɓata kogin a lokacin. Dokokin suna nan a rubuce tun da daɗewa, zuwa dubawa ne ya yi ƙaranci. Don haka a tsara ziyara lokacin da ƙasa ta jiƙe kuma ma'ajiyoyi suka cika, a fara da gonakin da dabbobinsu suka ƙaru da waɗanda ke bakin ruwa. Jami'i ya zo da tef ɗin awo, ya auna ma'ajiyar da kansa, ya ƙirga dabbobi, ya yi lissafin nan na matakin farko a gaban mai gonar, su biyun su ga adadin kwanakin da za ta ɗauka. A rubuta ranar dawowa a takardar kafin a bar gonar, kuma idan ranar ta zo a dawo, a auna sararin saman ma'ajiyar a sake duba bakin bututun da ke fita rafi.